Ƙugiyar Ɗalibai

Daren Laraba, Nima

Yara sun ɗauka da kalmar sirri ta shiga, an gama. Ba haka ba ne. Sai hanyar sadarwar makaranta ta ba kowace kwamfuta matsayi, malami ko ɗalibi ko baƙo, kuma baƙo ba ya buɗe shafin jarrabawa. Gobe jarrabawa, yau ajina duka aka jefa cikin baƙi.

Ɗalibata Rabi ta ce da Hausarsu ta Nima, "Chale! Malam, kwamfuta ya ce mu baƙi ne, a Niman da aka binne cibiyarmu?" Aka yi dariya. Ni da na zo daga Maraɗi na murmusa kawai.

Bayan la'asar kowa ya watse, na zauna ni kaɗai har na gano. Ni na rubuta rukunin "Ɗalibai". Kwame mai haɗa mana na'urori ya rubuta "Dalibai", madannin kwamfutarsa ba harafi mai ƙugiya. Sunayen biyu suka ƙi haɗuwa.

Na cire ƙugiyar, ba da son raina ba. Kwamfutocin suka koma matsayinsu. Gobe yara za su rubuta jarrabawa.

Na kira matata Hadiza can gida in ba ta labari, ashe har ta yi barci.