Tsawar da na daka wa Inna

Daren Laraba, Tawa

Kwana biyar ke nan da aka yi wa Inna aikin ƙugu. Tun shekaranjiya take ƙin abinci, sai ruwa kawai, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Na ɗauka rikicin tsufa ne. Jiya da ta nemi sauka daga gado, wai za ta ƙauyen Affala ta shanya gero, har tsawa na daka mata gaban mutane.

Yau da safe ta kasa farkawa sosai, aka ɗibi jininta. Likita ya ce gishirin jininta ne ya ragu ƙwarai, kuma hakan na samun tsofaffi bayan aiki. Ya ce, "Malama, ai da kin faɗa muna tun ranar farko." Ban iya ɗaga kai ba.

Sun sa mata ƙarin ruwa. Bayan isha'i ta buɗe ido, ta gane ni, ta ce, "Rabi, kin ci abinci kuwa?" Na riƙe hannunta na roƙi gafara. Ta dube ni ta ce, "Mi kika yi mini, ɗiyata?"