Na Sa An Mayar Da Sunanka

Assalamu alaikum, ɗana Nasiru. Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Ƙanwarka Balaraba ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Ka tuna kwamfutar da ka ajiye mini a shagon ɗinki a Ƙofar Wambai. Da yake ban iya karatu ba, ka shirya mata aiki: in taɓa hoton mutum, ta faɗo mini awonsa da muryarka, wuya, kafaɗa, tsawon riga.

Sai ka tafi Legas aiki, ka bar ni da keke da almakashi. Shekara arba'in ina riƙe da shagon nan don kai. Har gobe ban ce ka kyauta ba.

Cikin fushi na sa aka goge sunanka daga kwamfutar, aka sa nawa. Tun ranar kwamfutar ta daina magana. Na bi layi ina gaya wa mutane aikin 'yan boko ba ya ƙarko. Da ka bugo waya ka tambaya ko an taɓa wani abu, na ce a'a. Ka ce, "Bari in zo da Sallah, Baba, minti biyar ne." Zazzaɓi ya riga Sallah.

Shekara biyu bayan rasuwarka kwamfutar tana lulluɓe da ƙyalle. Makon jiya Balaraba ta matsa, muka kai wa Madam Ngozi mai gyara a Wunti. Ta duba ta ce babu abin da ya lalace. Wai shi yaren da ka rubuta aikin da shi, sai an kwatanta masa inda zai ɗauko kayan aikinsa, kai kuma ka kwatanta masa ma'ajiya mai sunanka. Kullum yana zuwa nan, bai tarar da sunan ba, ya tsaya. Kayan suna nan, muryarka tana nan, hanyar ce ni na ɓata.

Ta ce za ta rubuta masa sabuwar hanya zuwa sunana, shi ne daidai. Na ƙi. Ta yi bayani har sau uku, na ce a mayar da sunan mai shi.

Da kwamfutar ta tashi, hotona na fara taɓawa. Ban san ka auna ni ba. Ka ce, "Baba, wuya sha biyar. A sassauta, ba ya son matsi, kuma ba zai faɗa ba."

Nasiru, an taɓa. Ni na taɓa, na yi maka ƙarya, na zagi aikinka a bainar jama'a. Masu karanta wannan su shaida, aikin yarona lafiyarsa ƙalau.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Mahaifinka,
Tela, Ƙofar Wambai