Daƙiƙa Goma Sha Biyu na Ƙarshen Waƙar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ka juriyar aiki da ta zama nesa da gida. Mu ma nan alhamdu lillahi. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma tuƙi, sai dai yanzu ba ya fita sai da matashin kai a hammata, abokansa na ta tsokanarsa wai barci yake zuwa yi a tasha. Auta ta fara koyarwa a makarantar da aka tura ta, kullum sai ta dawo da murya a dishe da alli har a gira. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, kuma zuwan nata ne ya zaunar da ni rubuta maka wannan. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali duk mako muna waya. Sau biyu ina kiranka da niyyar in faɗa maka, sai mu ɓige da zancen magani da awon jini har mu yi sallama. Shi ya sa na ce gara in rubuta, ko ba komai takarda ba za ta katse ni ta ce in share hawaye ba.

Kafin komai, Yaya, don Allah kada ka miƙa takardar ajiye aikin nan da ka ce ka rubuta. Abin da na faɗa maka watan jiya, cewa hankalin Baba ya fara gushewa, ba haka ba ne. Hankalinsa garau yake. Ni ce na yi kuskure, kuma zan ba ka labarin tun daga farko.

Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, kalma ɗaya ce ta rage masa, wato "to". Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa. Wayar da ka bar masa ita ce abokiyar hirarsa, da waƙoƙi arba'in ɗin nan da ka jera masa a manhajar sauraron waƙa kafin ka tafi. Kullum da safe in na gama shirya shi sai in ɗora 'yar sifikar a kan taga, in kunna, in koma kan keken ɗinkina a ɗakin da ke kusa. Matsalar ita ce ɗan shirun da ake samu tsakanin waƙa da waƙa. Wani lokaci daƙiƙa biyu ne, wani lokaci in sabis ya yi rauni ya fi haka. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo, in ya ji shiru, a wurinsa wani abu ya lalace ke nan. Sai ya ɗauki cokali da hannunsa mai lafiya ya dinga buga ƙarfen gado. In saki ɗinki in taho, kafin in iso waƙa ta gaba ta soma, ya bi ni da kallo kamar ni ce na shigo masa ba dalili. A wuni sai in tashi sau ashirin. Akwai ranar da na yanka wuyan rigar wata mata a karkace saboda wannan tashi da zaman.

Wata mai kawo mini ɗinki, wadda ke da shagon gyaran gashi, ta tarar da ni ina mita. Ta yi dariya ta ce a shagonta waƙa ba ta taɓa tsayawa daga buɗewa har rufewa. Ta karɓi wayar Baba ta nuna mini: a shiga saituna, a gangara wurin da ya shafi yadda waƙa ke tafiya, akwai wani layi da ɗan ɗigo a kansa da ake ja da yatsa daga sifili zuwa goma sha biyu. Ta ce lambar daƙiƙoƙi ce. In ka ja, ƙarshen waƙar da ke fita zai dinga dusashewa, farkon ta gaba kuma yana tasowa a kansa, su haɗe ba tare da an ji inda aka yi gaɓa ba. Ta ce ita a kan biyar take barin nata. Ni kuwa da na gaji, na ce me zai sa in tsaya a biyar, na ja shi har ƙarshen layi. Ban tambayi Baba ba. Ko nuna masa ban yi ba, a gabansa aka yi amma kamar ba wayarsa ba ce. Ranar na yi ɗinki tun safe har bayan azahar cokali bai motsa ba. Da maigidana ya kira har ina yi masa alfahari wai na zama injiniya ni ma.

Wajen la'asar sai na ji bugu irin wanda ban taɓa ji ba. Na shiga da gudu, na tarar waƙa na tafiya lafiya lau, Baba kuwa yana nuna wayar yana ta maimaita kalmarsa, idanunsa sun yi ja. Na ba shi ruwa ya ture. Na gyara matashi, na duba ko bayi yake so, na ƙara sauti, na rage, duk ba su ba ne. Washegari haka, jibi haka, kusan lokaci guda. A mako na biyu ya fara ƙin abinci. Wata rana ya yi jifa da kofi ya fashe a bango, ruwan ya jiƙa yadin mutane da na shanya a kujera. Yaya, a ranar na ɗaga wa Baba murya. Na ce masa ya koma yaro ƙarami, na ce na bar komai nawa ina bauta masa amma ba ya gani. Na kuma faɗi wata magana da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige: na ce da Inna na raye ita ma da ta gaji da shi. Ya ƙura mini ido. Na ɗauke wayar na kulle ta a aljihun keken ɗinki, a tunanina waƙoƙin ne ke tayar masa da hankali. Kwana tara ta yi a can.

A cikin kwanakin ne na kai shi wurin likita. Ba na ganin laifin likitan, tambayata ya yi na amsa da abin da na ɗauka na gani: yana fushi ba dalili, yana jifa, yana ƙin ci. Ya rubuta maganin kwantar da hankali. Baba ya koma barci safe da rana. Matar da ke zuwa motsa masa jiki ta zo sau uku ba ta iya ko zaunar da shi ba. Hannun nan na dama da muka yi wata biyar muna fama har ya fara riƙe kofi, ya koma ya kwanta kamar da. Lokacin ne na kira ka ina kuka na ce maka Baba ya tafi ya bar mana gangar jiki, kai kuma ka ce za ka bar aiki ka dawo.

Da Gwaggo ta zo, abin da ta fara tambaya bayan gaisuwa shi ne me ya sa ɗakin yayanta ya yi tsit kamar ba kowa. Na ba ta labari. Ka san halinta, ta ce ita ba ta yarda ba, tun suna yara ba ta taɓa ganin ya yi fushi a banza ba, in fito da wayar ta ji da kunnenta. Na kunna don kawai a zauna lafiya. Ta ja kujera kusa da gado tana yanke masa farce, waƙoƙi na ta bin juna, har aka zo kan ta Inna. Ina nufin wadda ka kwafo daga tsohon kaset ka sa a cikin jerin, wadda Baba ya ɗauka ranar da yake gwada wani rikoda da ya gyara, Inna na wanki tana rera waƙa ba ta san ana ɗauka ba. A nan dole in faɗa maka wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar Inna ban taɓa sauraron wannan waƙa har ƙarshe ba. Da na ji muryarta sai in taka keke da ƙarfi, ko in fita tsakar gida in buɗe famfo. Ranar ma haka na yi, na tashi na fita.

Ban daɗe ba Gwaggo ta ƙwala mini kira. Na dawo na tarar Baba na ta ƙoƙarin ɗaga kai duk da nauyin magani, ita kuma ta ajiye abin yankan farcen tana tambayata wane ne ya yanke kaset ɗin. Na ce ba wanda ya yanke komai. Ta ce ƙarya ne, tana tsakar gidan ranar da aka ɗauka, ita ce ma ke miƙa wa Inna ruwa. Ta ce a ƙarshe Inna na waigowa ta ga rikoda, ta fashe da dariya, ta kira shi da sunan tsokanar da take kiransa, ta ce ya kashe abin nan kafin ta watsa masa ruwan wanki. Ta ce yanzu kuwa ana zuwa wurin sai wani mai kiɗa ya faɗo a kai ya binne komai. Yaya, nan take na gane aikina ne. Na shiga saitunan, na mayar da ɗigon nan sifili, na dawo da waƙar baya kaɗan. Waƙa ta tsaya. Aka ji ƙarar ruwa a bokiti. Sai dariyar Inna, irin wadda take yi har numfashinta ya sarƙe, sai ta ce Injiniya, sai sauran maganar kamar yadda Gwaggo ta faɗa, kalma bayan kalma. Duka bai fi daƙiƙa goma ba. Baba ya rufe ido, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye, ya faɗi kalmarsa sau ɗaya a hankali.

Ashe kullum tun safe yake kwance yana jiran wannan wuri. Mako biyu yana nuna mini, ni kuma ina ba shi ruwa. Da ya kasa sa ni in gane, na ƙwace sauran ma, na kuma je na faɗa wa likita da kai cewa ba ya cikin hayyacinsa, yana jina, ba shi da bakin musantawa. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ba wata babbar mugunta na shirya ba, so nake in ɗinka riga ba a kira ni ba, amma ga inda abin ya kai mu.

Na koma wurin likita na faɗa masa gaskiya, ya janye maganin a hankali, yanzu Baba ya dawo cin abinci yana zama a kujera da hantsi. Mai motsa jikin ta ce za mu sake farawa da hannun, amma ba ta yi mini alkawari ba, ta ce a shekarunsa abin da aka rasa ba kullum yake dawowa ba. Auta ta sauke duk waƙoƙin a cikin wayar don kada raunin sabis ya dinga tsawaita shirun, abin da ya kamata in nema tun farko. Na durƙusa gaban gadonsa na roƙe shi gafara, musamman kan maganar da na yi game da Inna. Ya ɗora hannunsa a kaina ya daɗe bai ɗauke ba, kuma na san ya yafe. Sai dai tun daga ranar, da ya ji takuna na nufo ɗakin, sai ya lallaɓa ya tura wayar ƙarƙashin matashi. Ba ya yi wa Auta haka, ba ya yi wa maigidana. Gwaggo ta ce in ba shi lokaci, kada in nuna na gani. Ina ƙoƙari.

Saboda haka ka riƙe aikinka, Yaya, 'yan biyu na buƙatarsa, Baba kuma ba ya buƙatar ka watsar da abin da ya yi alfahari da shi. Amma in za su ba ka hutu ko na mako biyu ne, ka zo. Ka zauna kusa da shi wajen la'asar ku saurara tare, na san zai so ya ga wani na dariya a wurin tare da shi. Ni yanzu ina ji har ƙarshe, amma daga bakin ƙofa nake tsayawa, don in na shiga zai ɓoye wayar.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata rigar da na yi mata alkawari na nan zuwa in an samu mai tafiya. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Gwaggo ta bar saƙon gaisuwa kafin ta koma, ta ce ka daina ramewa a hoto. Maigidana da Auta na gaishe ku, haka Kawu da iyalinsa da maƙwabtanmu masu tambayarka kullum. Ka sa Baba a addu'a, ka sa Inna, ni ma kada ka manta da ni. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai neman afuwarka,
Telar gidanku