Dabinon Maƙwabtan Saminu

Juma'a, 20 Sha'aban

Saminu ya kira daga Turai. Ɗana duk ya rame. Wai zaɓe ya matso, kuma jam'iyyar nan ta masu baƙaƙen riguna, masu ɗaga hannu irin na kakanninsu na zamanin yaƙi, tana cewa a kwashe baƙi. Na ce a kai shi ina? A Aziziya ta nan Makka na haife shi, fasfonsa na Nijar, ƙasar da bai taɓa takawa ba, nan kuma ba shi da igama, takardar izinin zama. Ya yi dariya, ya ce 'yan iska ne, ko kujera ɗaya ba su da ita.

Litinin, 15 Ramadan

Na aika masa dabinon ajwa ta hannun wani mai umara da zai koma can. Na ce ranar Idi ya bi ƙofa ƙofa ya ba maƙwabta, kafiri ne ko Musulmi. Ya ce can ba a yin haka. Na ce ni dai ban haifi marowaci ba.

Laraba, 1 Shawwal

Ya raba. Maƙwabcinsa na saman bene ya karɓa, har ya tambaye shi lambar ɗakinsa. Na ji daɗi wallahi.

Alhamis, 9 Shawwal

Masu baƙaƙen rigunan sun ci kujeru. Suhaila, autata, ta nuna min a jawwal, wato wayarta, tana fassara da Larabcinta: babbar jam'iyya ba ta iya kafa gwamnati sai da su. An ba su ma'aikatar takardun baƙi.

Asabar, 18 Shawwal

An shafa wa ƙofarsa jan fenti, an zuba dabinon a bakin ƙofar, an tattake. Ashe na saman benen ɗan jam'iyyar nan ne. Kafin Idi bai ma san akwai baƙar fata a gidan ba.

Abinci ya ƙi shiga. Ina jin tsoro, kuma ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 27 Shawwal

Ya koma wata unguwa. Ya ce akwai wata tsohuwa kusa da shi mai fama da kaya a matakala, ko ya je ya gaishe ta? Daga tagata ina hango hasumiyoyin Harami. Na ji bakina yana cewa, "Bari, ɗana. Shiga ka kulle ƙofarka."

Ya ce to, Umma.

Na ɗan lokaci ne kawai. Haka nake gaya wa kaina.