Na Gyara wa Darakta

Yaya Na'omi,

Ina gajiya? Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya lau nake a Tawa.

Kwas ɗin kwantabilite, wato lissafin kuɗi, da ofis ya tura mu yana tafiya. Aji ɗaya muke da daraktanmu. Ran Talata ya hau allo, ya saka bashin banki cikin jarin masu kamfani. Malamin ya ce, "Wa ya ga gyara?" Kowa ya shiga kallon takalminsa. Ni, sarkin ilimi, na ɗaga hannu.

Jiya ya kira ni. "Madam Rahila, kin san Tebaram? Reshenmu na ƙauyen yana neman gwana irinki."

Na yi godiya, na ja masa ƙofa a hankali.

Kada Baba ya ji. Ki sa ni a addu'a ran Lahadi.

Ƙanwarki,
Rahila