Jarkar da Na Bari a Rana

Yaya Rumbidzai,

Gaisuwa mai yawa daga Durban. Yaya ƙafar Mama? Ruwa ya sauka a Gutu kuwa? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai abu ɗaya. A filin wasan golf da nake aiki an daina fesa guba. Wasu ƙwayoyin cuta masu rai muke fesawa, su kashe muguwar ciyawa su bar mai kyau. Ba sa jure zafi. Ni kuwa na manta jarkarsu a rana wuni guda, na mayar da ita firji na yi shiru. Matattu aka fesa. Kafin ranar gasa muguwar ciyawar ta mamaye filin.

Manaja ya ɗora laifin kan Baba Ngcobo, dattijon da ya koya mini aikin, ya mayar da shi aikin shara. Ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifina. Jiya Baba Ngcobo ya miƙo mini rabin burodinsa, ya ce, "Ci, ɗana, duk ka rame."

Yaya, na yanke shawara. Litinin zan je ofis in faɗi gaskiya. In aka kore ni, kika gan ni gida da jaka, kada ki gaya wa Mama dalili. Da bakina zan faɗa mata.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Tapfuma