Ruwan Saman Gero

Dala, Kano
Lahadi

Baban Khadija,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Fatakwal. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, Khadija tana gaishe ka.

Bayan haka, Malam Gwadabe, daraktan nan na Ƙofar Ruwa, ya karɓi ruwan saman da na haɗa masa. Zai sa shi a sabon fim ɗinsa.

Laifinka ne. Kai ka sa mini shirin sauraron nan na fodkas a waya kafin ka tafi, wai don ya ɗebe mini kewa. Mai shirin tana hira da mutanen fim waɗanda ba a ganinsu, kuma a bakinta na fara jin cewa yawancin sautin fim a ɗaki ake ƙirƙirarsa. Daga nan na bi bidiyoyin masu sana'ar. Akwai wata tsohuwa da ke murza leda, sai ka rantse wuta ce ke ci. Na yi ta kallonta har yatsuna suka fara motsi da kansu.

Yanzu in na gama aikin rana, sai in shiga ɗakin ajiya in toshe taga da bargo. Gero a kan murfin tukunya yayyafi ne. In na ƙara shinkafa, ruwa ya kankama. Mafici biyu kuwa tattabaru ne suna tashi daga kan soro. Wani lokaci nakan rufe ido in ga birnin nan kaf ya shigo ɗakin, tun daga Dutsen Dala, ya yi shiru yana jiran in ba shi murya.

Malam Gwadabe yana so ya rubuta sunana a ƙarshen fim. Baffa ya ce sunan matar gidan nan ba zai shiga fim ba. Na ce masa ba fuskata, ba muryata. Ya ce suna ya fi fuska nisan tafiya. Na san shi ya riƙe ka tun rasuwar mahaifinka, ba zan sa ka ja da shi ba. Amma ina so wata rana Khadija ta tsayar da fim, ta ɗora yatsa a kan sunan uwarta.

Ka huta lafiya.
Matarka, Lauratu

Dala, Kano
Alhamis

Baban Khadija,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi.

Baffa ya ji ruwan. Shekaranjiya bayan la'asar ina gwada shi a lasifika, na manta ƙofa a buɗe. Ka san zafin da ake yi, kowa idonsa a gabas. Sai ga Baffa ya fito daga zaure da sauri yana kwashe hulunan da ya shanya, yana addu'ar saukar ruwa. Ya ɗaga kai, sama wasai. Ya daɗe a tsaye, tafin hannunsa a buɗe. Khadija ta tuntsire da dariya.

Jiya ya aika in zo da geron, in yi a gabansa. Ya saurara ido rufe, sannan ya ce wannan ruwan 'yan zamani ne, na kwano. Nasu a kan soron ƙasa yake sauka, ba ya kwaramniya. Ya sa na shimfiɗa zane a kan murfin, na sake zubawa a hankali. Bai buɗe ido ba har geron ya ƙare. Ya ce haka yake ji a ɗakin mahaifiyarsa, saura ƙarar indararo. Bai ce komai game da suna ba, ni ma ban tayar ba.

Jibi Malam Gwadabe zai rufe jerin sunayen ƙarshen fim. Yau da safe Baffa ya tambayi Khadija yadda nake rubuta nawa, ya sa babbar riga, ya hau adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa. Har yanzu da nake naɗe takardar nan bai dawo ba, Malam Gwadabe kuma bai kira ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Taka, Lauratu